Takalmin jika ɗari biyu a filin da babu ciyawa

 Yau maganar ƙwallo muka kawo, sai dai ba ta sakamakon wasa ba ce, ta takalmi ce. Mun san akwai waɗanda za su ji haushi, cikinsu har da abokanmu na fada ɗaya. Su yi haƙuri su karanta har ƙarshe, in ya so a zage mu daga baya.

Lokacin babban hutu mun je kallon final ɗin gasar unguwanni, irin wadda kowa ya sani da TGV. Ba za mu faɗi garin ba, ba za mu faɗi unguwar ba. Fili ya cika, an kafa rumfa, an jera kujerun roba, mai magana a lasifika sai kirari yake zuba ma wani mai hali da ya ɗauki nauyin kyaututtuka. A kan tebur an girke wani kwali, an buɗe shi kowa ya gani: takalmin ƙwallo baƙi da fari da ja, mai harshen nan da ake naɗowa ya rufe igiya, sak irin wanda manya suka taka shekaru ashirin da wani abu da suka wuce. Aka ce na gwarzon gasa ne, aka ce daga Turai aka zo da shi, aka ce ƴan kaɗan aka yi a duniya. Samari suka yi ta layi suna ɗaukar hoto da kwalin.

Ana cikin zagaye na biyu wani yaro ɗan baya ya juya, ƙafarsa ta maƙale cikin ƙasa, ya faɗi yana ihu. Aka nemi bandeji, babu. Aka nemi ƙanƙara, sai da wani ya ruga wajen mai sayar da ruwan leda. A kabu-kabu aka kai shi likita, mutum ɗaya na tuƙi, ɗaya na riƙe da shi ta baya, kuma ƴan fadarsu ne suka yi karo-karo aka biya hoton ƙashi. Kwalin nan yana kan tebur har aka tashi.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami ke nan.

Ga waɗanda ba su san zancen ba, wani yayi ne ya shigo. Manyan kamfanonin takalma sun gano cewa yaran da suka kalli ƙwallo a 1998 da 2002 yanzu sun zama magidanta, wasunsu da kuɗi a aljihu, kuma zuciyarsu tana nan maƙale da wancan zamani. Sai suka koma rumbu suna fiddo tsofaffin samfura. Su ɗauki kamannin saman tsohon takalmin, launinsa, ɗinkinsa, harshensa, su ɗora a kan tafi na zamani mara nauyi, su buga lamba a jiki, su ce ƙafa kaza kawai aka yi, wanda ya makara ya rasa. Adidas ta sake fiddo Predator Mania a 2017, Nike ta sake fiddo Mercurial mai launin azurfa da shuɗi da rawaya na Ronaldo ɗan Brazil, ta sake fiddo T90, a 2024 kuma da Predator ya cika shekara 30 aka maido masa da harshen nan mai naɗewa. A Turai akwai masu saye su jera a kabad mai gilashi, ba za su taɓa taka ƙasa da su ba, suna jiran kuɗinsu ya hau su sayar. Yanzu iskar ta iso mana ta Facebook da TikTok.

Kada wani ya ce mu maƙiyan waɗannan takalma ne. Wallahi mu ma muna sonsu. Mun san Copa Mundial, baƙin nan mai ratsi uku da aka fiddo a 1979, na fatar kangaru, wanda ake ɗinkawa a Jamus, wanda duk antirena na kirki a ƙasar nan ya yi mafarkin mallaka. Mun san Puma King da Pele ya taka a 1970, Maradona ya taka a 1986. Mun san yadda Craig Johnston, tsohon ɗan wasan Liverpool, ya ƙirƙiro Predator da robobin nan a saman ƙafa don balo ta murɗa, aka fiddo shi a 1994. Wasunmu sun kwana gaban talabijin ɗin maƙwabta, ana hayaniya, wuta na ɗaukewa tana dawowa, suka ga Zidane ya ɗauke balo a sama da ƙafar hagu a final ɗin 2002 ya zuba ma Leverkusen. Wanda ya ga wannan ba ya mantawa. Masu tallar suna cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma karin maganar gaskiya ce. Tambayarmu ita ce, abin da ke cikin kwalin nan zuma ce, ko kuwa tsohuwar kwalba ce aka wanke aka zuba ruwan sukari?

A duba da kyau. Abin da ya sa tsoffin ƴan wasa suke yabon wancan takalmi shi ne fata. Fatar kangaru tana da laushi, ba ta da kauri, tana da ƙarfi, in ka taka ta sati biyu sai ta ɗauki siffar ƙafarka. To, a 2023 Puma da Nike duka sun sanar da cewa sun daina aiki da fatar kangaru. Puma King na yau da wani abu na haɗi ake yinsa. Ba mu ce sun yi laifi ba, masu kare dabbobi sun daɗe suna matsa musu, kuma wannan rigimarsu ce can. Amma a gaya ma mai saye gaskiya: suna ne ya dawo, da launi. Abin da suke kira fasahar zamani, tafi mara nauyi da sama na roba ko saƙa, an yi shi ne don ɗan wasan da kulob ke ba shi sabon takalmi duk bayan ƴan makonni, yana gudu a kan ciyawar da ake ba ruwa safe da yamma. Ba a yi shi don ya shekara uku a ƙafar ɗan Zariya ta Maradi ko ɗan Garin Malam ba.

Sannan ƙarancin da ake ta yi mana ihu da shi, wa ya kawo shi? Zinariya tana tsada don haƙo ta wuya ne. Ragon layya yana tsada don sai an yi watanni ana kiwonsa. Shi wanga takalmi, injin da ya buga dubu ɗaya zai iya buga miliyan. Da gangan aka taƙaita, don mutum ya ji zuciyarsa na bugawa, ya biya bai yi ciniki ba. Dabarar ma ba sabuwa ba ce. A gasar duniya ta 1970 a Meziko, gab da a take wasa, Pele ya durƙusa yana ɗaure igiyar takalminsa, kamara ta tsaya cak a kan ƙafarsa, duniya ta ga tambarin Puma. Shiri ne, kuma an biya shi. Tun ran nan aka san cewa abin da ake sayarwa ya wuce fata da zare. Abin dariya ma, takalmin da ake sake fiddowa don tunawa da Zidane na 1998, a wancan final ɗin da Faransa ta ci Brazil 3 da 0, ƙwallaye biyun da ya ci duka da kai ya ci su. Sai dai ba a iya sa kai cikin kwali a sayar.

Yanzu mu zo kan lissafi, don nan ne abin yake mana ciwo. Irin waɗannan takalma, na gaske, a Turai kuɗinsu yana kai yuro 250 zuwa 300 ranar da aka fiddo su, kafin masu ɓoyewa su ƙara nasu. Yuro ɗaya sefa 656 ne, ba ya motsi. Yuro 300 ke nan ya kama kusan jika 197, ba a sa kuɗin jirgi da na duwan ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne. Wato ma'aikaci ya yi kusan wata biyar, bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, sannan ya kai ga takalmi ƙafa ɗaya. Da wannan kuɗi ana iya ɗinka ma ekip guda riguna, a sayi balo biyar ko shida, a sayi raga, a cika akwatin magani, a sa mota ta kawo yashi a rufe ramukan fili, kuma canji ya saura na ruwan sha.

Za a ce mana: to ai ba wanda ke sayen na gasken a nan, duk na jika goma sha biyar ne ko ashirin. Madalla, an zo wurin. Ke nan mun yarda cewa yawancin abin da ke yawo a shafukan ƴan kasuwar intanet, da wanda ake ratayewa a shaguna, jabu ne. In mai saye ya sani, mai sayarwa ya faɗa, ciniki ya halatta, ba ruwanmu. Matsalar ita ce ba a faɗa. Ana rantsuwa, ana nuna kwali, ana nuna lamba a jiki, ana cewa wani ɗan uwa ne ya aiko daga Faransa, a karɓi jika sittin ko saba'in a hannun yaron da ya yi rani guda yana tara kuɗin kabu-kabu. Masu buga jabun sun fi kowa murna da wannan yayi, don tsohon samfuri ya fi sauƙin kwaikwayo, kuma yaron da aka haifa a 2005 bai taɓa riƙe na asalin a hannunsa ba balle ya gane bambanci. Kallon kitse ake ma rogo, kuma da tsadar kitse ake sayensa.

Mu koma kan kyautar nan ta final. Gwarzon gasar ya karɓi kwalinsa, an yi hoto, an zagaya gari da babura. Wasa uku ya buga da takalmin, tafin ya ɓare daga gaba kamar bakin kada. Ba mu ce mai halin ya san jabu ne ba, wataƙila shi ma cutarsa aka yi. Amma ko da na gaske ne, da haka labarin zai ƙare, sai dai ya ɗan ƙara kwana.

Dalili kuwa kowa ya san shi, filayenmu. Kirampon iri-iri ne, kuma masu yinsu da kansu sun rubuta a jikin kwali wane fili aka yi ma kowane. Akwai na ciyawa ta gaske, akwai mai ƙusoshin ƙarfe na fili mai laka, akwai na ciyawar roba, akwai mai ƙananan haƙora da yawa na ƙasa mai tauri. Tarihin ƙusoshin da ake murɗawa ma daga ruwan sama ya yi suna: final ɗin 1954 a Bern, fili ya jiƙe sharkaf, Adi Dassler ya sa ma Jamusawa dogayen ƙusoshi, suka ci Hungari 3 da 2. Mu kuma fa? Jar ƙasa mai tsakuwa, ko yashi mai zurfi, ko fegin makaranta da ya bushe ya yi tauri kamar siminti tun daga watan Nuwamba har damina. Dogon ƙusa a kan irin wannan ƙasa ba ya nutsewa, sai ya ɗaga ɗan wasa sama kamar mai tafiya a kan duwatsu, duk nauyin ya taru a tafin ƙafa da idon sawu da gwiwa. In kuma ya sami wuri mai laushi ya kama, jiki ya juya ƙafa ba ta juya ba, sai a ji ƙas. Tsakuwa kuma tana cinye haƙoran cikin wata guda. Kusan duk waɗannan takalman tunawa da da, da tafin ciyawa ake fiddo su. Yaron da ke buga balo da takalmin roba na jika ɗaya da rabi, wanda muke ma dariya, ya fi mu sanin filinsa.

Masu cewa ba takawa za su yi ba, ajiya ce, jari ne, su ma ga tasu. Takalmin zamani da gam ake haɗa shi, ba ɗinki ba. Gam da roba suna tsufa ko ba a taka su ba, zafi kuma yana gaggauta musu. A ɗakin kwano cikin watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura 40 a inuwa, ka ajiye kwalin nan shekara uku ka buɗe ka gani. Kuma wa zai saya a hannunka? A Landan ko Paris akwai kasuwar masu tara irin waɗannan kaya, akwai masu tantancewa. A Kasuwar Dole ko Katako, takalmin da ya kwana biyu sunansa bosho, kuma kuɗin bosho za a taya maka. Wanda ke neman jari ya sayi tunkiya.

Mun san amsar da ke zuwa, mun sha jin ta a fada: "Kuɗina ne, ni na nema, ina ruwanku?" Gaskiya ne, Alhaji, kuɗinka ne. Wanda Allah ya hore ma, ya sayi goma ya jera a falo, ba mu da ta cewa, kowa da abin da ke faranta masa rai, wani doki, wani tattabaru, wani agogo. Inda muke da ta cewa shi ne lokacin da abin ya fito daga falo ya shigo fili. Lokacin da aka mayar da shi ma'aunin ɗan wasa, har yaro ya ƙi fitowa atisaye don takalminsa ba mai suna ba ne. Lokacin da uwa mai sayar da ƙosai ta shigo tana cewa ɗanta ya hana ta barci, wai sai irin na Bellingham. Lokacin da mai neman suna ko mai neman ƙuri'a ya gane cewa kwali ɗaya mai ƙyalli ya fi akwatin magani kyau a hoto. A nan kuɗin ya daina zama naka kai kaɗai, ya zama tarbiyyar ƴaƴan unguwa.

Akwai kuma wani abu da ya fi kuɗin ci mana rai. Tunanin da ake sayar mana, na wa ne? Duk labaran da ke cikin kwalayen nan na wasu ne: Paris 1998, Yokohama 2002, Glasgow, Manchester. Mun kalla, mun ji daɗi, amma ƴan kallo muke. Mu ma muna da namu ranakun. A watan Oktoba na 2010, a filin Seyni Kountché, Mena ta ci Masar 1 da 0, Masar ɗin da ke riƙe da kofin Afirka sau uku a jere, Moussa Maazou ne ya ci. A 2011 muka doke Afirka ta Kudu a Yamai, ranar ƙarshe kuma suka yi ta rawa a filinsu suna zaton sun wuce, ashe mu ne muka wuce. Muka je kofin Afirka na 2012 karo na farko a tarihi, muka koma a 2013, Harouna Doula ya zama gwarzon mai horarwa na Afirka na 2011. Ina rigunan wancan lokaci? Ina takalman da aka ci Masar da su? Wa ya adana? A wane ɗaki yaro ɗan lakwal zai je ya gansu? Tsoffin ƴan wasan Dan Kassawa da Jangorzo da Espoir suna nan cikin gari, wasu a kan babur, wasu a bakin kasuwa, ba wanda ya je ya ɗauki muryarsu ko ya nemi tsoffin hotunansu. In son tarihi ne ya motsa mu da gaske, ga tarihi nan yana lalacewa a cikin akwatunan ƙarfe. A shekarun nan ma Mena ta sha karɓar baƙinta a Maroko don CAF ba ta amince da filinmu ba. Ƙasar da ƙungiyarta ke yin wasan gida a gidan wasu, samarinta suna gardama a kan wane harshen takalmi ya fi naɗewa da kyau.

Sai maganar fata, wadda ya kamata ta ba mu kunya mu mutanen Maradi musamman. Jar akuyar Maradi duniya ta san ta. Fatarta tana cikin waɗanda masu yin safar hannu da jakunkuna da bangon littattafai masu tsada suke nema. Tun zamanin ayari ake ɗaukar jemammiyar fatar ƙasar Hausa a keta Sahara, Turawa su saye ta a arewa su sa mata sunan fatar Maroko. Har gobe yawancin fatunmu haka suke fita, ɗanye ko rabin jima, a kuɗi kaɗan, a sarrafa su wani wuri. Ga majema a Damagaram da Maradi, ga dukawa da suka gaji allura kaka da kakanni. Ba mu ce gobe baduku zai ɗinka takalmin da za a buga gasar duniya da shi ba, ba ma yaudarar kanmu, tafin takalmi aikin inji ne. Amma takalmi mai saman fata, ɗinkakke, mai ƙananan haƙora, wanda aka yi don jar ƙasa, wanda in ya yage za a iya gyarawa, wannan bai fi ƙarfin gari mai fata da masu ɗinki ba, in da masu kuɗin da ke odar kwalaye za su zauna da su. A yanzu ma su wa ke riƙe da ƙwallon unguwanni? Masu gyaran takalmi na bakin titi. Kowane ɗan wasa ya sani, in ka sayi kirampon, sabo ko bosho, kafin ka taka sai ka kai an zagaye shi da zare. Fasahar da ta yi mana aiki ke nan shekara da shekaru, kuma ba a taɓa kiran ɗayansu a ba shi kyauta ranar final ba.

Don haka ga abin da muke roƙo, kuma ba gwamnati muke roƙo ba wannan karon. Masu shirya gasar unguwanni, kafin ku karɓi kyautar kowa ku tambaye shi akwatin magani da mutum ɗaya da ya iya ɗaurin gaggawa. In ya ce sai kwali, ku ce ya raba kuɗin gida goma sha ɗaya. Ƴan kasuwa, ku sayar da abin da kuke so, amma ku bar rantsuwa da Allah a kan kayan da kun san daga inda suka fito. Masu horar da yara, ku ne ake jin maganarku, ku gaya musu wane tafi ya dace da wane fili. Mu kuma masu shafuka, da mu aka yi wannan talla, mu muka yi ta yaɗa hotunan kyauta ba ko sisi, har da wannan shafin, ba mu cire kanmu ba.

Yaron da ya faɗi ya fara takawa, amma likita ya ce ya manta da balo sai bayan wata shida. Mun je gaishe shi ranar Juma'a. A hanyar dawowa muka biya ta wajen mai gyaran takalmi na bakin masallaci, sai ga takalmin gwarzon gasa a gabansa, ya cusa masa tsumma yana huda tafin da basilla. Muka tambaye shi nawa zai karɓa. Ya ce dala ɗari, in an ƙara masa hamsin zai zagaye ɗayan ma kafin shi ma ya buɗe baki.